Ƙanin Mahauci Ba Ya Cin Nama

Shafi na 12

Laifin da za mu ga ƙarshensa yau shi ne matsa wa mai shiru. Mutum ya rufe bakinsa, kai ba ka san abin da ya rufe a ciki ba, ka ce lallai sai ya buɗe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya hana Ladan cin nama, kun yi tarayya da yayansa a gaggawa. Bambancinku da shi, ku babu abin da za ku rasa.

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, Kano ta cika da walima. Wanda ya ci zaɓe ya yanka, wanda ya faɗi ma ya yanka don kada a ce ya karaya. Kakar mahauta ta yanke saƙa. Alhaji Talle, babba a gidan fawarsu na Fagge, ya hango abin da ubansa bai taɓa samu ba. Kwamitin liyafar sabbin kansiloli na neman mahauci ɗaya da zai riƙa kai musu nama, ba na rana ɗaya ba, na duk taron da za a yi nan gaba.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi, shi ne ƙaninsa Ladan. Wajen shekara ke nan Ladan ya ajiye wuƙa, ya koma tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, kuma tun daga lokacin ko romo bai ƙara kurɓa ba. Babbar salla ta zo ta wuce, tuwo ya ci da miyar kuka gaya. In an tambaye shi, amsarsa ɗaya: "Raina ne ba ya so."

In ɗan malami ya bar nama, sai a ce gudun duniya ne. In ɗan mahauci ya bari, sai a ce ruwa ba ya tsami banza.

Wannan maganar ce ta kai kunnen Malam Istifanus, tsohon malamin makaranta, mutumin ƙasar Zariya, wanda kwamiti ya ɗora wa zaɓen mahauci. Da hantsi ya zo ya tsaya a teburin Alhaji Talle, ya duba tsoka, ya danna kitse, ya yaba. Sannan ya cire tabarau.

"Alhaji, namanka ba shi da makusa a ido. Amma an ce mini ƙaninka ba ya cin sa."

"Ba nawa kaɗai ba, Malam. Na kowa ne ba ya ci."

"Na ji. Sai dai in ɗan mai fura ya ce ba ya shan fura, ai mai saye ya leƙa ƙwarya. Ni amana aka ba ni. In ciki ya ɓaci a wurin taro, ni za a nema."

Alhaji Talle ya yi murmushi, zuciyarsa kuwa tana tafasa.

"Sangarta ce ta ɗan auta. Ka zo mu je inda yake cin abincin rana. A gabanka zai ci."

Ya riga ya yi lissafinsa. Ƙani ba ya mayar da hannun yayansa a gaban baƙo. Kunya ba za ta bar shi ba. Yanka ɗaya Ladan zai haɗiye, magana ta mutu. Akwai wani abu da Alhaji Talle ya ajiye a rumfar bayan gidansu, amma bai kawo shi cikin lissafi ba, don a saninsa Ladan bai taɓa leƙa wurin ba.

Ya sa aka gasa balangu na gadon baya, aka naɗe a takarda. Ya ɗaura wuƙar ubansu a ƙugu, mai jan kube, wadda mahaifiyarsu Inna Falmata ta damƙa masa da hannunta ranar sadakar bakwai ta rasuwarsa. Ba ya fita da ita sai in zai ga manya.

Rumfar abincin Monica tana Sabon Gari, bayan layin masu gyaran rediyo. Haifaffiyar Kano ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni tsabta, kowa Maman Obinna yake ce mata. Tun zamanin mahaifinsu take sayen nama a gidansu Alhaji Talle, kuma ita ta jawo musu sauran masu abinci na layin. Inda ta sa ƙafa, nan suke sawa.

Sun tarar da Ladan a kan bencin ƙarshe, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, gabansa kwanon wake da doya, an zuba ugu, ganyen miyar 'yan kudu, da man ja. Da ya ga yayansa ya miƙe.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Zauna abinka. Ga baƙona, Malam Istifanus."

Suka gaisa. Monica ta fito tana goge hannu da zani.

"Yau Alhaji da kansa? Ko na ci bashin da ban sani ba?"

"Zuwa na yi in ga tukunyar marasa lafiya da ake ba ni labari."

"Ga ta can, ƙaramar. Ba ta marasa lafiya ba ce, ta masu dalili ce."

"Wane dalili ne zai raba mutum da nama, in ba talauci ba?"

"Shi ma dalili ne, kuma masu shi sun fi yawa," in ji Monica. "Maigidana, likita ne ya hana shi saboda hawan jini. Ni kaina in azuminmu ya zo, kafin Ista, ba na ci ranar Juma'a. Akwai wani Ba'indiye a Kwari da yake aikowa, shi tun da aka haife shi bai san ɗanɗanonsa ba, addininsu ne haka. Wata nas kuma ta ce tun da ta bari jikinta ya yi sakayau."

"Shi kuma wannan?" Ya nuna Ladan da haɓa.

"Ban tambaye shi ba. Cokali nake bai wa mutum, Alhaji, ba alƙalanci nake yi ba."

Malam Istifanus ya yi dariya kaɗan ya zauna. Alhaji Talle ya baje takardar balangu a tsakiyar tebur, ƙamshi ya tashi har masu cin abinci a ɗaya bencin suka waiwayo. Ya zare wuƙar ubansu, ya yanko inda ya fi laushi, ya soka a tsini, ya miƙa.

"Ladan, karɓi."

Ladan ya dubi wuƙar, bai dubi naman ba.

"Da wuƙar Baba kake yanka mini, Yaya?"

"Don ka san ba wasa ya kawo ni ba. Karɓi."

"Na ƙoshi, Allah ya ƙara arziki. A bai wa baƙo."

"Baƙo zai ci in ya ga ɗan gida ya ci."

"Ka yi haƙuri."

Alhaji Talle bai janye hannu ba. Kitse ya fara ɗiga a kan tebur.

"Haram ne?"

"Halak ne. Ban taɓa haramta shi ba, ba kuma na hana kowa."

"To ci."

"Halak ne auren mace huɗu ma, Yaya, ga shi kai biyu gare ka."

Wani mai gyaran rediyo a ɗaya bencin ya ƙware da ruwa. Wannan 'yar dariyar ita ta lalata komai. Da babu ita, wataƙila da Alhaji Talle ya nannaɗe balangunsa ya nemi wata dabara. Amma an yi masa dariya a gaban mutumin da yake neman arziki a hannunsa. Ya ajiye wuƙar, ya gyara zama.

"Ka san abin da ake faɗa a Fagge?"

"Ina ji."

"Wasu sun ce wani boka ne ya gindaya maka sharaɗi don ka yi kuɗi. Wasu sun ce yawan zaman Sabon Gari ne, ka fara sauya alƙibla."

"Alhaji," in ji Monica a hankali, "kullum in ya gama cin abinci, butata yake ara ya yi alwala. Kada ka sa rumfata a wannan magana."

"Ba da ke nake ba, Maman Obinna. Da wanda muka sha nono ɗaya nake. Ladan, da naman nan aka yi maka suna, da shi aka yi maka kaciya, da shi aka yi maka aure. Yau ka wayi gari kana ƙyamarsa, mutane suna nuna teburina da baki. Abincin 'ya'yana kake zubarwa da shirunka."

"Shiruna bai taɓa zubar maka da komai ba."

"Ga mutum nan a zaune, saboda kai yake jan ƙafa."

"Yaya, mu je gida. Duk abin da kake so ka ji, zan faɗa maka a ɗakin Inna."

"Babu inda za mu. Wanda bai yi abin kunya ba, ba ya neman ɗaki."

Ladan ya sunkuyar da kai, ya ɗauki hularsa yana juya ta a hannu. Wannan ne karo na biyu da aka buɗe wa Alhaji Talle ƙofar fita, bai gan ta ba. Shi a ganinsa yaro ya fara laushi, saura ƙiris. Sai ya ɗauko abin da ba a ɗaukowa da wasa.

"Na haɗa ka da girman Allah, na haɗa ka da kabarin ubanmu, ka faɗi dalilinka a nan."

Ko Monica da ba Musulma ba ta san nauyin wannan. Wanda aka haɗa da Allah ba shi da sauran wurin ɓuya. Ƙarya ta haramta gare shi, shiru ma ya ƙare.

Ladan ya dubi yayansa.

"Ka janye, Yaya."

"Ban janye ba."

"To, kai ka haɗa ni."

Ya ture kwanon gefe. Da ya fara magana, muryarsa ba ta tashi ba, kamar mai ba da labarin wani gari.

"Bara da bazara, ranar Juma'ar da ka tafi kara, kasuwar shanu ta Wudil, na yi sammako. Na tarar da rumfar baya a buɗe, wadda ka ce mana ta ajiyar fatu ce, kada kowa ya shiga. Mai fiɗar da ka ɗauko daga waje zazzaɓi ya kayar da shi. Ga saniya an riga an yanka, rana tana shirin fitowa. Yaranka na rumfar suka roƙe ni in taimaka, suka roƙe ni kada in gaya maka."

Alhaji Talle ya buɗe baki zai tare, amma me zai ce? Shi ya haɗa shi.

"Na tsaga cikin, sai abu ya motsa a hannuna. Ɗan maraƙi ne. Ya gama halitta, har gashi ya fito, akwai fari a goshinsa. Ya buɗe baki kamar mai neman nono, sauti bai fita ba. Na tsaya riƙe da shi har ya daina motsi."

Ladan ya ci gaba.

"Tun ina shekara goma nake fiɗa, ban taɓa jin komai ba. Amma daga ranar, in na kai loma baki, wannan ɗumin nake ji a tafin hannuna. Na gwada, na sake gwadawa. Ba ya wucewa. Shi ke nan dalilina."

Alhaji Talle ya samu madafa ya kama.

"To sai me? Tsautsayi ne, kowane mahauci yana gamuwa da shi. Na tambayi malamai ma, sun ce ba haram ba ne."

Da ya tsaya a tsautsayi, da ya tsira da rabi. Amma baki shi ke yanka wuya. Malam Istifanus ya mayar da tabaransa, ya dube shi.

"Alhaji, mutum yakan je wurin malamai neman fatawa a kan abin da ya same shi sau ɗaya bisa tsautsayi?"



"Malam Ladan," in ji Istifanus, "rantsuwar da aka ɗora maka ta ƙare, ko da saura?"

Ladan ya rufe ido.

"Da saura."

"Muna ji."

"Da na ɗaga kai, na ga daro a gefe. Akwai wasu a ciki irinsa, an feɗe an sassare. Da bazara makiyaya sukan sayar da masu ciki da suka kasa tafiya, da araha. Su ake kawowa rumfar baya. Na tambaya na daron nan fa, na mene ne? Suka ce na masu abinci ne a Sabon Gari. Da sunan naman ɗan akuya ake kai musu."

Monica ta nemi bakin benci ta zauna. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Tafin hannunta kawai ta ɗora a kan cinya tana kallo.

"Mai laushin nan," ta ce. "Wanda nake yin farfesu da shi."

"Shi."

"Wanda nake ɗebar wa maijego in ta haihu a layin nan. Na kai wa 'yata Ifeoma har asibiti."

Ta juya wajen Ladan.

"Kai kuma, Malam Ladan. Shekara guda kana zaune a bencin nan, kana ganin ina zuba wa mutane."

"Na ce miki ki daina karɓarsa."

"Ka ce mini ba ya auki. Ba ka ce mini ɗan tayi ba ne."

"Gaskiyarki. Yayana ne, Maman Obinna. Na kasa cin naman, na kuma kasa cin mutuncinsa. A tsakani na cuce ki. Ki yafe mini."

"Zan yi tunani," in ji ta. Ta miƙe ta shiga ciki. Jim kaɗan aka ji ƙarar babbar tukunya ana juye ta a kwata.

Alhaji Talle ya dubi Istifanus, ya yi magana da 'yar muryar da bai san yana da ita ba.

"Malam, naman da zan kai muku daban ne. Bijimai ne zalla, ka gani da idonka."

"Na gani. Ita ma Maman Obinna da idonta take gani kullum." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ubana manomi ne, yana da 'yan shanunsa. Yakan ce wanda ya yanka mai ciki ya yanka garken baɗi. Amma ba wannan ne ya tashe ni ba. Halak ko ba halak ba, wannan tsakaninka da malamanka ne. Abin da na sani, ka sayar da abu da sunan da ba nasa ba, ga macen da ta amince da gidanku tun ubanku na raye. Ni yau na san ka."

Ya miƙa wa Ladan hannu, ya ɗaga wa Alhaji Talle kai, ya fita. Balangu yana nan a kan tebur, kitse ya daskare, ko ƙuda bai samu mai kore shi ba.

Ladan ya sa hularsa.

"Sai da na ce maka mu je gida, Yaya."

"Ka kashe ni, Ladan."

"Shekara guda ina ɗauke da kai a ciki. An ce mini ɗan tsafi, an ce na bar salla, matata ta yi yaji a kan maganar, ban buɗe baki ba. Kai ka haɗa ni da Allah."

Ya ajiye kuɗin abincinsa a ƙarƙashin kwano, ya kama hanyar Kwari, bai waiwayo ba.

Alhaji Talle ya mayar da wuƙa kube, ya fito. Bai hau acaɓa ba, da ƙafa ya tako. Kafin ya fita daga layin, ya ga Monica a ƙofar maƙwabciyarta mai sayar da shinkafa, suna magana ƙasa ƙasa. Da ya zo wucewa, matar da kullum take tsokanarsa da "Alhaji mai tsada" ta juya masa baya. Magana zarar bunu ce. Ta riga shi tsallaka titi, ta riga shi isa Fagge.

To, ku ƙirga tare da ni, don kada gobe wani ya ce ba a gaya masa ba. Ya fito da safe neman abu ɗaya. Wannan ɗayan bai samu ba, Malam Istifanus ya tafi da shi. Na biyu, Monica da duk masu abincin layinta, cinikin da ubansa ya shekara da shekaru yana ginawa, ya zube da tukunyar farfesu. Na uku, ƙanin da ya zaɓi a kira shi ɗan tsafi da a kira yayansa maha'inci. Garin neman gira an rasa ido.

Na huɗun yana jiransa a gida.

Inna Falmata ba ta fitowa zaure tun da mijinta ya rasu. Yau tana zaune a can a kan tabarma, carbi a hannun hagu, mayafi har goshi. A bakin ƙofar ciki akwai takalma manya guda biyu na fata, waɗanda duk mahaucin Fagge ya san mai su.

Alhaji Talle ya durƙusa.

"Inna, barka da..."

"Ranar da na ba ka wuƙar nan, me na ce maka ubanku ya ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban haɗa ka da kowa ba, Talle. Tambayarka kawai na yi."

"Ya ce... ba a yanka mai ciki a gidan nan."

Ta buɗe tafin hannunta na dama, ta miƙo.

"Kwance ta. Sannan ka shiga, Sarkin Fawa yana ciki, ya ce a ba shi mabuɗin rumfar baya."